Kalar Ɗakin Mama

Babanmu mai fenti ne, irin wanda zai shigo gidanka gaisuwa ya ɓige da shafa bango yana girgiza kai. Ya yi wa rabin unguwa fenti, amma ɗakin Mama sau ɗaya tak buroshinsa ya taɓa shi, tun suna sababbin aure. Ita ta zaɓi kalar, ruwan madara, ta kuma hana a sake.

Bayan rasuwarta rufi ya yi yoyo, bango ɗaya ya kumbura ya ɓare. Dole a gyara. Baba ya rantse sai ɗakin ya koma yadda ta bar shi, don a nan yake zama da yamma. Ya ce in yana ciki, ji yake kamar kicin ta leƙa.

Ya sayo ƙananan gwangwanayen fenti biyu, ya shafa kowanne a bango faɗin tafin hannu, dab da juna, ya jira suka bushe, wai ɗanyen fenti maƙaryaci ne. Ni dai ban ga bambanci ba.

"Baba, ai duk ɗaya ne."

"Idonki na ado ne? Wannan ya ja rawaya, wancan ya ja toka."

Da safe na dama ya fi kama da bangon, da yamma kuma na hagu. Ya bi ya rame a kan abin nan. Haushinsa nake ji, ina kuma tsoron in shiga in tarar da shi yana tambayar bango kamar Mama ce, "Ke, wanne ne?"

Sai ya yi abin da masu fenti ke yi: ya janye kabad don ya ga asalin kalar, inda rana ba ta kai ba. Na hagu ne, babu tantama. Har dariya ya yi. Ya bi ɗakin kaf, shafi biyu.

Da ya bushe ya kira ni. Ɗaki ya yi fes. Duhun da ke saitin filonta ya tafi, haka ma shaidar yatsunta gefen makunnin fitila, da dishi-dishin nan da shekaru suka zuba. Kalar daidai take, irin ta ranar farko, tun kafin Mama ta kwana a ciki.

Ya daɗe a bakin ƙofa, bai shiga ba.

"Ban yi kuskure ba ko?"

"Ba ka yi ba, Baba."

"To ina take?"