Silon Tsohon Babur

Godiya ta tabbata ga Wanda ya ba mu ji aro, kuma yake karɓar abinsa a lokacin da ya so.

A zauren gidana da ke Gwange akwai wani tsohon babur da na saya tun gemuna bai fara furfura ba. A kansa na yi yawon neman ilimi, daga zauren wannan goni, wato gwanin Alƙur'ani, zuwa na wancan. Tun da aka hana hawan babur a cikin Maiduguri, tayarsa ba ta sake taka kwalta ba. 'Ya'yana sun sha ba ni shawarar in sayar wa masu gwangwan, na ƙi. Kowace Alhamis da hantsi, ranar da ba a karatu, nakan yaye tabarmar da nake rufe shi da ita, in zuba masa ɗan mai, in tayar da shi, in zauna ina daidaita kafiretarsa.

Aikin ba shi da wuya ga mai kunne. Kusoshi biyu ne ƙanana a jikin kafiretar. Ɗaya ta silo, wadda take riƙe inji kada ya mutu idan an saki totur, ɗayar kuma ta iska. Sai inji ya yi ɗumi, sannan a riƙa juya ta iskar kaɗan-kaɗan. Idan mai ya rinjayi iska, muryar injin takan yi nauyi, salansa ta fitar da baƙin hayaƙi. Idan kuwa iska ce ta rinjaya, ba a ganin komai, sai dai ya riƙa tsallake bugu, kamar mai karatun da numfashi ya yanke masa a tsakiyar aya. Tsakanin biyun akwai wata siririyar gaɓa inda sautin yake miƙewa sumul. Kunne ne kaɗai yake gane ta.

Ni kuwa kunne shi ne abin da Allah ya yi mini baiwa da shi. Magidanta mahaddata ne suke zuwa zaurena su biya tilawa ina saurare: ga maddar da aka gajarta, ga shaddar da aka sassauta, ga wanda ya mayar da sadi sini. Duk wanda na ce masa ya yi daidai, haka zai je ya karantar da wasu. Amana ce mai nauyi, kuma ban taɓa ɗaukar ta da wasa ba.

Wata Laraba wani ɗalibina tela yana biyawa, ya wuce wata gaɓa na gyaɗa kai. Sai na ga biyu daga cikin na kusa da shi sun dubi juna, sun sunkuyar da kai. Ladabi ya hana su magana. Na shiga gida ina gaya wa kaina cewa ƙarar janaretan maƙwabta ce ta shiga tsakani.

Washegari ina tsugune gaban babur, sai ga abokina ya yi sallama. Babarbare ne, dillalin shanu daga Bulabulin. Ni kuma Bafulatani, don haka tun muna samari ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba.

"Fulata," in ji shi da ƙarfi, "har yanzu kana kiwon wannan saniyar ƙarfe? Ba nono, ba taki!"

Na ce, "Ta fi waɗanda kake sayar wa mutane lafiya. Ba ta taɓa faɗuwa a hanya ba."

"Ina ta ga hanyar, balle ta faɗi? Kakanninka sun kora garke har bakin tafki, kai ka ƙare da shayar da ƙarfe fetur a zaure."

Ya zauna kan buzu yana dariya. Na tayar da inji, na bar shi ya yi ɗumi, na juya kusar iska ciki da waje har na ji sautin ya miƙe. Na ajiye sukundireba na ce, "To, Babarbare, ka ji aikin masu kunne?"

A al'adarsa cewa yake yi tsohuwar akuyarsa ta fi wannan daɗin tari. Ran nan sai ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "Ya yi, Sayinna. Madalla."

Sayinna girmamawa ce da ake yi wa malamai, kuma bai taɓa kirana da ita ba sai a gaban baƙi. Sai na ɗora tafin hannuna a kan tanki. Nan na ji abin a fatata: bugu, bugu, sai giɓi; bugu, bugu, sai giɓi. Injin yana shaƙewa a gabana, kunnena kuwa yana shaida mini cewa lafiya lau. Na bar hannun a wurin, na mayar da kusar ciki da ɗaya hannun har giɓin ya ɓace. A kunnena babu abin da ya canja.

Na kashe injin na ce, "Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ka ɓoye mini a zaurena."

Ya matso kusa da kunnena. "Tun kafin azumi. Na ce a raina za ka gane da kanka." A lokacin na fahimci cewa ƙarfin muryarsa na watannin nan ba na iya shege ba ne, tausayi ne.

Babur yana da tankin da za a ɗora wa hannu. Maƙogwaron mai tilawa ba shi da shi. Ranar Asabar da ɗalibai suka taru, na umarce su da su koma wurin wani goni a Gomari, duk wanda kuma ya biya a gabana tun kafin azumi ya sake biyawa a can. Telan ya yi magana mai tsawo idanunsa cike da ƙwalla. Na ga leɓɓansa suna motsi, ban kama ko rabinta ba.

Na san haƙuri wajibi ne, na karantar da babinsa ga mutane da yawa. Harshena yana faɗinsa, zuciyata ba ta riske shi ba tukuna. Abin da yake hana ni sukuni shi ne kurakuran da na gyaɗa wa kai, waɗanda ban san su ba, ban kuma san bakin mutum nawa suka kai yanzu ba. Ina neman gafarar Allah a kansu.

Zauren ya zama wayam. Ranar Alhamis nakan tayar da babur, in ɗora hannu a kan tanki in daidaita shi har ya miƙe, sannan in kashe, in mayar masa da tabarmarsa.