Ƙamshin Tuffa a Bakin Baranda

A wani gidan kula da tsofaffi a garin Hirosaki, Natsuko tana jiran a kira ta ta ga mahaifinta, amma idonta na kan wani dattijo da ke tsaye gaban ma'aikaciya. Siriri ne, kwat ɗinsa a goge, sai dai fulawa ta maƙale a bakin hannun rigarsa, ga sabuwar ƙuna a babban yatsa. Yana rungume da akwati ɗaure cikin ƙyalle.

"Baba, ka yi haƙuri, abincin gida ba ya shiga," in ji ma'aikaciyar.

"Ɗan kek ne fa, 'yata, na tuffar bayan gidanmu. Irin wanda matata take yi a da, ita na kawo wa."

"Yanzu ko kunun shinkafa da ƙyar take haɗiya, Baba."

Ya rusuna, har ya fi ta rusunawa. Natsuko ta san irinsu: mazan da ofis ya cinye, a ajiye musu kek su ci suna karanta jarida, ko sannu babu. Sai yanzu ya koyi fasa ƙwai, bayan mai ci ta daina ci.

Ya kwance ƙyallen. Ƙananan kek ne a karkace, wasu sun ƙone ta sama. Ya juya akwatin wajen barandar ɗakuna, ya cire hularsa yana fifitawa a hankali.

"Ƙamshi dai ba a hana ba, ko?"

Barandar doguwa ce, ƙamshin ba inda zai kai. Ma'aikaciyar ta tashi ta ƙara buɗe ƙofar barandar.