Garabasar Nuwamba

"Nuwamba," in ji Torleif. "Sau nawa zan faɗa miki, Sol? A Nuwamba suke ba da garabasa. Bara sun bayar, bara waccan ma sun bayar."

"Shekarar da ta gabace su fa?"

"Waccan daban ce."

"Kowace shekara daban ce a bakinka, Direba."

Solfrid Aune tana tsaye a bakin teburin kicin, tana shafa wa burodi man shanu tana ɗora masa cuku, guzurin hanya ke nan. Safiyar Litinin ce a ƙarshen Agusta, akwatin aikinta na jingine a bakin ƙofa, jirgin ruwan da zai kai ta tsibirai kuwa bai san jira ba. Mijinta yana zaune a gaban kwamfuta da kofin gahawa, tabarau a kan hanci, ya natsu kamar mai duba lafiyar jariri.

"Saurara ki ji," ya ce. "Yanzu in muka juya makin otal zuwa mil na jirgi, uku za mu bayar a ba mu ɗaya. Uku fa! Wannan ai fashi ne da rana tsaka. In kuwa muka yi haƙuri zuwa Nuwamba, za su ƙara mana kusan sulusi a kai. Mu haɗa da na katin banki, shi ke nan, kujera biyu a gaban jirgi, irin masu miƙewa su zama gado. Tun daga Oslo har Santiyago a kwance."

"Wa ya ce maka kwanciya zan je yi a Chile?"

Ya kurɓi gahawa.

Duk wanda ya san gaɓar teku daga Bodo zuwa arewa ya san Solfrid. Ita ce mai gwajin ido da ke zagaya ƙananan garuruwan da ba su da shagon tabarau. Ta kusa shekara ashirin tana wannan yawo, ta kafa allon haruffa a ɗakin shan magani na gari ko a gidan tsofaffi, ta gwada masunta da 'yan makaranta, ta komo bayan makonni da tabarau a cikin kwali. Gajeruwa ce mai saurin tafiya, ba ta da yawan dariya, amma tsofaffi sun fi son hannunta da na kowa, don ba ta gaggauta su.

Yayanta Audun ne ya ɗora ta a wannan hanya ba tare da ya sani ba. Tana ƙarama ana ce mata daƙiƙiya a makaranta. Shi ne ya lura cewa sai ta kusa manna hancinta da littafi take karatu. Ya ɗauke ta a kwalekwalen babansu, ya kai ta birni, aka yi mata tabarau na farko. A hanyar dawowa ta riƙa nuna masa tsuntsaye a kan duwatsu, tana mamakin ashe ɗai-ɗai suke, ba farin fenti ba ne. Daga baya aikin kiwon kifi ya kai shi kudancin Chile, ya auri wata mace mai suna Ximena, ya zauna. Tun bikin binne mahaifiyarsu Solfrid ba ta sake ganinsa ido da ido ba, sai ta waya.

Shi kuma Torleif direban bas ne da ciwon baya ya ajiye. Mutum ne mai kirki, ba ya sha, ba ya faɗa, shi ke wanke kwanuka. Cutarsa ɗaya ce, a zaman ritaya ya kamu da ita. Wani tsohon abokin aikinsa ya nuna masa cewa katin banki yana ba da maki a kan duk abin da aka saya, otal ma yana ba da maki a kan kowane kwana, kuma ana iya juya su duka zuwa mil, a yanki tikitin jirgi da su. Tun daga ranar gidan bai sake zama yadda yake ba.

Madara ma sai da kati ake sayenta. Ranar da iska ta yaye musu rufin gida, gyaran ya lashe ɗan abin da suka ajiye, Solfrid ta kwana biyu ba ta iya cin abinci, shi kuwa Torleif har fito yake yi, wai mai gyaran ya yarda a biya shi da kati. Amma wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mata rai shi ne otal. A da, in ta je gari, gidan baƙi mafi kusa da wurin aikinta take sauka, inda matar gida za ta ajiye mata miyar kifi a kan murhu. Torleif ya soke wannan. Dole sai otal ɗin kamfani guda, ko da a bayan gari yake. Sau nawa ta ja akwatin nan a cikin ruwa da ƙanƙara, ta wuce ƙofar gidan da ta sani, ta tafi ta kwana a ɗakin da ko labulensa iri ɗaya ne da na jiya? Akwai wata Disamba da ya sa ta ƙara kwana a garin da bai fi tafiyar awa guda da gida ba, wai saura kwana ɗaya ta riƙe matsayin zinare da kamfanin otal ke ba manyan baƙinsa. Ta zauna a bakin gado tana cin burodi, tana kallon bas ɗin gida yana wucewa ta ƙarƙashin taga.

Duk ta shanye, saboda ya ce makin na zuwa wurin Audun ne. Kuma da gaske yake. Sai dai duk lokacin da suka kusa kaiwa, kamfanin jirgin sai ya wayi gari ya ƙara yawan mil ɗin da kujerar gaba ke ci. Sau biyu ana yi musu haka. Ba gargaɗi, ba ban-haƙuri, sai wani saƙo mai daɗin baki da ke cewa an inganta tsari don jin daɗinsu. Torleif zai yi kwana biyu yana zaginsu, a na uku ya koma lissafi.

"Ka ji abin da Audun ya kira ni jiya a waya ko ba ka ji ba?" Solfrid ta ce, ta ajiye wuƙar.

"Na ji."

"Faɗa min."

Torleif ya cire tabarau ya murza ido. "Ya kira ki da sunan mahaifiyarku."

"Sannan ya tambaye ni ko an janye kwalekwale daga ruwa, don iska za ta taso. Kwalekwalen da ya ruɓe tun kafin mu yi aure. Sai da na ce, Yaya, ni ce fa, Auta, kafin ya dawo hayyacinsa."

"Ai ya gane ki daga baya."

"Daga baya! Ximena ta ce da safe yana nan garau, da yamma sai ciwon mantuwar ya taso, ya kasa gane kowa. Ta ce likita ya gaya mata duk mai son ya gan shi ya gane shi, kada ya ja lokaci. Kai kuma kana gaya min Nuwamba. In an yi garabasar a Nuwamba, yaushe za a samu kujerun naka?"

"Wataƙila Fabrairu. Ko Maris."

"Maris." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Sai in isa a kwance kamar sarauniya, ƙafafuna ba kumburi, in shiga ɗaki ya tambayi matarsa wace ce wannan."

"Haba, Sol."

"Kar ka haba ni. Daren jiya kai da bakinka ka ce akwai kujera a Satumba."

"Ɗaya ce tak. A can ƙuryar baya, kusa da bayi. In muka ɓarnatar da maki a kanta, na gaban sun tafi ke nan, sai wasu shekaru." Ya juyo gaba ɗaya ya dube ta. "Shekara talatin ina tuƙa mutane a zaune, bayana yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sau ɗaya nake so a tuƙa ni a kwance, ke kina gefena. Laifi ne?"

Ba laifi ba ne, ta kuma sani. Ta san ba zai iya zaman kwana da yini a ƙuryar jirgi ba. Tausayinsa ya ɗan taɓa ta, sai dai tausayin nan ne ya riƙe ta duk shekarun nan, yau kuwa ta gaji da shi.

"Makin otal na wane ne?" ta tambaya.

"Namu ne mana."

"Wa ya kwana a otal ɗin?"

Ya mayar da ido kan kwamfuta.

"Na ce wa ya kwana, Direba? Kai kana nan cikin bargonka. Ba ni kalmar sirrin."

"Ba zan zauna ina kallo ki ba da uku a ba ki ɗaya ba."

"To rufe idonka."

Ta ɗauko katin otal daga jakarta, ta duba lambar da ke bayansa, ta buga, ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tebur tsakanin burodi da kwamfuta. Aka sa musu kiɗa. Torleif ya naɗe hannu a ƙirji yana kallon taga. Can sai wata budurwa ta ɗauka da fara'a, ta tambayi suna da ranar haihuwa, ta yi wa Solfrid godiya a kan daɗewarta tare da su.

"Bar godiyar, 'yata. Makina nake so ki juya min zuwa mil na jirgi. Duka."

"Duka? To, ranki ya daɗe. Amma wajibi ne in sanar da ke, in an juya ba a dawo da su."

"Kwanakin da na yi a ɗakunanku ma ba a dawo da su. Juya."

"Kuma kowane maki uku zai zama mil ɗaya."

"Na ji. Wa ya yanke haka?"

"Tsarin kamfani ne, ranki ya daɗe."

"Ki gaishe min da tsarin."

"Sannan yakan ɗauki kwanaki kafin su bayyana a wurin kamfanin jirgi. Wani lokaci har mako guda. In kin amince sai in..."

"Kashe wayar nan!" Torleif ya miƙe, kujera ta yi baya. "Sol, kashe!"

"Ba zan kashe ba."

"Mako guda! Kujera ɗaya ce fa! Kafin makinki su iso wani ya ɗauke ta, ki tashi ba maki, ba kujera, sai mil da ba ki san inda za ki kai su ba. Haka ake yi? Wa ya koya miki? Ba a taɓa na otal in kujera na rawa. Na kati ake juyawa, su nan take suke shiga!"

"Na kati naka ne."

"To sai me? Yarinya, kina ji na? Kar ki taɓa komai. Mun fasa."

"Ranki ya daɗe?" in ji budurwar.

Solfrid ta dubi mijinta. Ya riga ya koma kan kwamfuta, yatsunsa suna gudu, yana ƙunƙuni. "Dakata tukuna," ta ce wa wayar, ba ta kashe ba.

Makin katin nan su ne 'ya'yan Torleif. Da su yake fara duba safiya. Cikinsu akwai rufin gida, akwai madarar shekaru, akwai tayoyin hunturu na maƙwabta da yake biya da katinsa su mayar masa. Ya buga adadin, ya tsaya, hannunsa a sama. Ya ja tsaki. Ya danna.

"Ba garabasa," ya ce wa allon. "Ko ƙwaya. 'Yan fashi."

Ya buɗe shafin jirgi, mil ɗin sun shiga asusun iyali da suka haɗa. Kujerar tana nan. Ya sa sunanta, ya nemi fasfonta, ta miƙa masa daga aljihun jaka, don tun jiya ta ɗauko shi. Ya kalli fasfon, ya kalle ta. Ya biya harajin tikitin, da kati.

"Sha ɗaya ga Satumba," ya ce. "Zuwa da dawowa. Kusa da bayi. Kar ki dawo ki ce min ƙafarki ta kumbura."

"Mun fasa, 'yata," Solfrid ta ce wa wayar, ta kashe. Ta taɓa kofinsa da bayan hannu. Gahawar ba ta ko huce ba.

"Ashe abin bai wuce haka ba," ta ce. "Tun yaushe muke da abin da zai ishi kujerar baya?"

Ya gyara tabarau. "An ɗan jima."

"Tun yaushe, Torleif?"

"Tun... kafin rufin nan."

Ta tsaya tana kallonsa. Kafin rufin, Audun yana tuƙa motarsa da kansa, yana kiranta ya tsokane ta a kan furfura. Maganganu da yawa suka taso mata, ta ga babu wadda za ta faɗa yanzu ta kuma kama jirgin ruwa. Ta naɗe burodin a takarda, ta tura a jaka.

"Ka kira Ximena ka gaya mata ranar. Da safiyarsu za ka kira, don shi ma ya ji."

"To."

"Yau kuma gidan baƙin Gunvor zan sauka, ba otal ba. Na yi kewar miyarta."

"Amma Sol, saura kwana kaɗan ki riƙe matsayin..."

Ta juyo daga bakin ƙofa. Ya haɗiye sauran.

Ta saka rigar ruwa, ta ja akwatin ya sauka daga matakala yana ƙara. Akwai tsofaffi a tsibiri da aka tara mata tun makon jiya, har da wani masunci da ya zauna a kan tabarunsa. Ta bi gangaren zuwa tasha da sauri, jirgin ya riga ya fara busa.