Alƙalin Tsofaffin Filtoci

Yana tsugune a bakin shago yana goga farcen babban yatsansa na dama a jikin siminti, a hankali, kamar mai wasa wuƙa. Sauran faratansa duk a yanke suke. Wannan ɗayan ya bari ya yi tsawo, ya yi kauri, ya rine da baƙin mai har sabulu ya haƙura da shi. Da shi yake danna robar bakin filta ya ji ko da sauran rai a jikinta. Matarsa takan ce ita mutum ta aura, amma farcen ne maigidan.

A layin masu gyaran manyan motoci Alƙali ake ce masa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar kotu ba. Shari'arsa ta filtar baƙin mai ce, wannan gwangwanin da ake ɗaura wa injin gas ya tace dattin mai. Direba zai ɗauko tsohuwar filta wadda aka kwance daga wata motar aka wanke da fetur, ya miƙa masa da hannu biyu. Alƙali zai ɗora ta a tafin hannu ya ji nauyinta, ya kaɗa ta a kunne, ya sansana, ya leƙa raminta da tocila, sannan farce ya yi magana ta ƙarshe. Hukuncinsa kalma ɗaya ne: budurwa, ko uwa, ko gyatuma, ko gawa. Ba a ɗaukaka ƙara.

Da can bakanike ne, har bayansa ya gaji da kwanciya ƙarƙashin mota. A shekarar da jabun kaya suka cika kasuwa, ya taɓa yanka wata sabuwar filta mai sheƙi a gaban jama'a, sai ga tsumma da guntun kwali a cikinta. Cikin fushi ya ce, “In dai irin wannan ce sabuwa, ni na fi yarda da tsohuwa.” Direbobi suka yar da farkon maganar, suka tafi da ƙarshenta gari gari. Tun daga nan babu mai taɓa filta in tana cikin kwalinta. Sai mai lotsa, mai tsatsa, wadda ta ga duniya. Wata rana ya gwada gyara zancen, ya ce ai akwai sabuwa ta kirki, kuma ko gyatumar da ta fi kowace kyau ba ta kama ƙafarta ba. Rabinsu suka yi dariya suka ce Baba gwada imaninsu yake yi. Sauran suka ce kamfani ya saye shi. Sai ya haƙura ya koma kan bencinsa, a kusurwar shagon Dogo mai kayan gyara, inda rana ke ɗigowa ta hujin kwano ta sauka kan gwangwanaye kamar tana zaɓen wadda za ta saya.

Duk cikin almajiran wannan aƙida babu mai zafin surukinsa, mijin 'yarsa Auta, direban tifa. Injin tifar ya buga kwanakin baya, kuma sai da Auta ta sayar da kekenta na ɗinki aka haɗa kafin aka tayar da shi. Yanzu gidansu duka, da tukunyarsa da fitilarsa, a kan injin nan yake rataye. Abin da ya rage kawai a ɗaura filta a zuba mai.

Da hantsi surukin ya shigo, ya rusuna.

“Baba, an tashi lafiya? Biyu Dogo ya ba ni. Ka zaɓa mini wadda ta fi sanin hanya.”

Direbobin da ke zaman jiran gyara suka matso. Dogo ya jingina da kantar shagonsa yana sakace.

Ta farko tsohuwa ce ta gaskiya. Ta yi nauyi kamar an cika ta da laka, robarta ta bushe kamar kofato, farce ya danna bai bar ko alama ba. Da ya karkata ta, ɗigon da ya fito yana ƙyalli da garin ƙarfe. Injin da ta fito daga cikinsa ba tsufa ya yi ba, mutuwa ya yi, kuma ta taho da guntun gawarsa a ciki.

“Wannan kam ta sha gwagwarmaya,” in ji surukin, idonsa na haske. “Dubi tsatsa, Baba. Ita zuciyata ta kwanta wa.”

Alƙali ya ɗauki ta biyu. A ido ta fi ta farko wahala, amma hannu bai yarda ba. Ba ta da nauyin datti. Lotsawarta duk kai ɗaya ce, zagaye, daidai bakin guduma. Tsatsarta ja ce jawur, irin wadda ruwan gishiri ke haifarwa a kwana kaɗan. Baƙin man a leɓe ya tsaya, bai shiga ciki ba. Da ya haska tocila, sai ga takardar ciki a jere, ninki bayan ninki, fara sol, ba ta taɓa ganin zafin inji ba. Gindinta ƙarfe ne mai kauri, robarta ta karɓi farce ta dawo tana murmushi. Sabuwa ce dal, kuma ta kirki, irin wadda ya daɗe bai riƙe ba. An dai yi mata dukan tsiya ne don ta sami shiga.

Ya ɗaga kai ya dubi Dogo. Dogo ya dubi kwanon rufi.

In ya ce sabuwa ce, surukinsa zai ajiye ta kamar ta ƙone shi, ya rungumi gawar, kuma kafin wata ya kama injin ya sake bugawa. In ya ce tsohuwa ce, ya yi ƙaryar farko a kan bencin nan, a gaban mutum ɗaya da ya san ƙarya ce.

Ya sake sansana ta, ya lumshe ido.

“Uwa,” ya ce. Da ya ga surukin bai saki ta farkon ba, sai ya ƙara abin da bai saba ba. “Uwa ce mai haƙuri. Wannan ta hau dutse da kaya ta sauko. Ka ga lotsawar nan? Tsakuwar hanya ce. Direba ɗaya ta yi wa aiki, mai tsoron Allah, ba ya wasa da canjin mai. Waccan kuwa yawon gareji ta yi, hannu goma ya taɓa ta.”

“Allah Sarki,” in ji wani direba. “Har ka ji tausayinta.”

Surukin ya karɓe ta kamar jaririya, ya yi godiya, ya fita wajen tifarsa.

Dogo ya tofar da tsinken sakace. Ya shiga ciki ya jawo buhu yana ƙara, ya zazzage a gaban bencin.

“Tunda Baba ya yaba, ga yayyenta da ƙannenta. Duk dutse ɗaya suka hau.” Ya sunkuyo ya rage murya. “Hanci ya fara gajiya, ko Baba? Ba komai. Benci naka ne, ka dai riƙa lumshe idon nan.”

Direbobi har sun fara rige-rigen ɗauka. Alƙali ya ɗauki ɗaya. Guduma ɗaya, gishiri ɗaya, amma gindin wannan kamar murfin gwangwanin madara, kuma da ya kaɗa ta sai ya ji tsumma na juyi a ciki. Ya ci gaba da juya ta a hannu. Kunnensa na waje, inda sifana ke ƙara a jikin ƙarfe. Ya ji an zuba mai, ya ji an rufe bonet. Injin ya yi tari, ya kama, muryarsa ta daidaita, tifar ta ja jiki ta bar layin.

“Gawa,” ya ce. “Da ita da duk 'yan buhun.”

“Haba Baba, ai rana ɗaya na...” Dogo ya haɗiye sauran.

“Rana ɗaya ka me, Dogo?” wani direba ya tambaya.

“Rana ɗaya na sayo su. Tsohon nan ya rikice. Yanzun nan ya gama yi wa 'yar'uwarsu kirari.” Ya buga hannu a kan kantar shagon. “Kuma bencin nan nawa ne, ina da abin da zan ajiye a wurin.”

Direbobin suka tsaya da filtoci a hannu, suna duban mai shago, suna duban mai shari'a, kowa na jiran wani ya fara ajiyewa. Ɗayansu ya ce a hankali ko dai kamfanin ne ya sake zuwa.

Alƙali ya kashe tocilarsa ya sa a aljihu. Ya dafa gwiwa ya miƙe, bayansa ya yi ƙarar da ya saba, ya tsallake tulin gwangwanayen ya fita.