Ruwan Tulu da Ruwan Bokiti

Da ƙarfe goma na safiyar wata Litinin, cikin bazarar shekara ta biyu bayan samun mulkin kai, aka kaɗa ƙarfen hutu a lakwal, wato makarantar bokonmu ta Dogon Dutsi, kuma daga lokacin hankalina bai sake kwanciya ba har saukar ruwan farko. Muna aji uku. An canza wa tsohon malaminmu wurin aiki, aka kawo mana wani saurayi siriri, Bazabarme, da muke kira Mushe Hamani, don "Mushe" ake ce wa malami da Faransanci. Maimakon ya sake mu mu je sayen ƙosai, sai ya tattara littattafan karatu ya zuba a kabad ya kulle, ya ce mu biyo shi gindin bishiyar bedin da ke bayan aji. A can muka tarar da tulu da bokitin ƙarfe a jere cikin inuwa. Ya sa kowa ya tsoma hannu a ciki. Ruwan tulu sanyi ƙalau, na bokiti kuwa kamar an sauke shi daga murhu. Ya yi magana da Faransanci, ya ga mun yi zuru, sai ya maimaita da Hausarsa mai karkata: "Rijiya guda, inuwa guda. Mi ya sa?"

Ni ce ta ɗaya a ajin, kuma hadda ce ta kai ni wurin. Duk abin da aka rubuta a allo nakan kwafe shi tsaf, ba gogewa, in haddace a hanyar rijiya, washegari in mayar da shi yadda aka ba ni. Ban cika magana ba, littafi ya fi mutane sauƙi a wurina. Saboda haka na naɗe hannu ina jira ya koma aji ya rubuta amsar. Bai rubuta ba. Da wani ya tambaye shi sai ya ce, "Ni ma jira nake ku gaya mini." Aka tashi, aka wuni, aka kwana, allo fayau.

Daga nan karatunmu ya koma wani iri. Lissafi da ƙwallon goruba muke yi, a ramukan dara da muka haƙa da hannu. Mukan kafa kara a tsakiyar fili mu riƙa zana inda inuwarsa ta kai, mu ga tana gajarta tana tsawo. Wata rana ya sa aka kwaɓa laka muka gina dutsen garinmu da kwarin da ke ƙarƙashinsa, ya tuttula ruwa daga sama ya ce mu dubi inda zai bi. A gindin bedi ya yarda a yi Hausa, ba duka, ba tara. Sai ga ƴan bencin baya, waɗanda bulala ta saba da su, sun zama masu baki. Jumma, ɗiyar wasu makiyaya da ke zaune bayan gari, wadda ba ta iya haɗa jimla guda da Faransanci, ta san sunan kowace ciyawa da abin da take yi wa saniya. Ni kuwa ina gefe, hannu a baya, ina tsoron laka ta taɓa mini riga, ina jin kamar an ɗage tabarmar da nake zaune a kai.

A gida abin ya fi muni. Ni ɗiyar fari ce, kuma a wurinmu iyaye suna kunyar ɗan fari. Babana bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa fuskantata da magana ba. In yana son wani abu daga gare ni sai ya faɗa wa mahaifiyarsa, wadda nake kira Kaka, ko da ina tsaye kusa da shi. "Waccan" yake ce mini. A ɗakin Kaka na tashi, ita nake yi wa surfe da shara, in ɗebo ruwa, in kai wa awaki dusa kafin in tafi lakwal. Da ma ba da son Baba aka rubuta sunana ba, ɗan aiken sarki ne ya bi gida gida. Ya haƙura ne kawai don Kaka ta ce yarinyar tana karatu da gaske. To, ranar wata kasuwa ya biyo ta bayan lakwal da jakinsa, ya hango ajinmu durƙushe cikin taɓo ana ta shewa. Da yamma ina tankaɗe na ji muryarsa ta bayan danga: "Inna, in cuɗa laka ce karatun, akwai laka a tunga. Ruwa na sauka, waccan za ta bi mu."

Tunga ita ce bukkokinmu na gona, can wajen Kiyeshe, inda gidanmu ke tarewa tun daga shuka har girbi. Kowa ya san yaron da aka tafi da shi tunga kafin jarrabawar ƙarshen shekara ba ya komawa aji. Daga ranar nan idona ya koma gabas. Ko ɗan farin gajimare na gani sai in tsaya ina bin sa da ido. Ina daka ina duban sama, ina jan guga ina duban sama. Na ƙulla a raina cewa in na samo amsar tulun nan, in na nuna akwai wani abu a cikin wasan, wataƙila a bar ni. Sai dai yaro a lokacin ba ya tambayar babba dalili, balle ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai. Na daure na tambayi mahaifiyata, ta ce in tashi in ba ta wuri. Kaka ta ce doguwar gidan, wato aljanarsa, ce ke hura ruwan, sannan ta yi dariya, har yau ban san ko da gaske take ba. A ƙarshe na tsaya bayan an tashi, na jira kowa ya fita, na roƙi Mushe Hamani ya gaya mini amsar ni kaɗai. Ya dube ni ya ce, "Kin tsoma hannu ciki. Kin taɓa bayansa?"

Ban taɓa ba. Na fita na shafa bayan bokiti, a bushe yake, da ɗumi. Na shafa bayan tulu, sai na ji danshi, kamar goshin wanda ya dawo daga gona. Na yi kwanaki ina juya wannan a kaina, abinci ma ba ya shiga. Jumma ce ta ƙarasa mini ba tare da ta sani ba. Muna bakin rijiya ana wasan watsa ruwa, ta kamfato da hannu ta jiƙa mini gefen zane, ta ce, "Ke malamar takarda, yau dai sai kin jiƙe." Na buɗe baki zan yi fushi, sai iska ta taso, na ji gefen da ya jiƙe ya yi sanyi, ɗayan yana nan da zafinsa. Na tsaya cak. Na jiƙa hannu ɗaya na hura, na hura busasshen. Na sake, na kuma sakewa, har matan da ke wurin suka fara cewa ɗiyar nan ko iska ta taɓa ta.

Na roƙi Kaka ƙananan tuluna biyu da ɗan man kaɗe. Ta ce, "Miji za ki yi wa girki, ko tulun ne ke kaushi?" amma ta ba ni. Na shafe bayan ɗaya da mai har ba inda ruwa zai tsattsafo, na bar ɗayan yadda yake, na cika su na ajiye a inuwar rumbu. Da azahar mai man ya yi ɗumi, ɗayan ya yi sanyi. Ban yarda ba, don ina tsoron ko inuwar ce ta fi a gefe guda. Na sauya musu wuri, na canza ruwa, na kai su bayan ɗaki inda iska ta fi kaɗawa. Kullum haka. Da na kai su lakwal, Mushe Hamani ya sa aka ɗaure wa yara ido da ɗankwali suna kurɓa suna canka, ana ta dariya, sannan ya sa na yi bayani da bakina: ruwan da ke tsattsafowa bayan tulu, in iska ta busar da shi, yana tafiya da zafin na ciki. Sai a ranar ya rubuta a allo.

Amma ba Mushe ne zai ɗora ni a jaki zuwa tunga ba, Baba ne. Wata ranar da Baba ya tafi sharar gona, na ajiye tulunan biyu a ƙofar zaure, inda yake shan ruwa in ya dawo, na ɓuya bayan danga. Ya shigo ya ɗauki mai man ya kurɓa, ya furzar. Ya ɗauki ɗayan, ya sha sosai. Ya jujjuya su, ya shinshina hannunsa, ya ce, "Inna, aikin wa ke nan?" Kaka ta jawo ni ta tsayar a gabanta. Na yi bayanin duka ina kallon ƙafafunta, shi kuma ya ba mu baya yana kwance igiyar jaki, kamar ba da shi ake ba. Na gama. Ya rataye igiyar, ya shige ciki, ya bar mu nan tsaye. Washegari bai tada maganar ba, jibi ma haka. Gabas kuwa kullum ƙara duhu take.

Yanzu in na bi ta gefen makarantar jikokina nakan ji aji cike maƙil suna maimaita abu guda da murya ɗaya, kamar yadda na fi so a da. Ginin siminti ne, da rufin kwano, ba bedi a bayansa. In sun ji ƙishi, ruwan leda suke saye mai sanyin firiji, ba wanda zai tsaya ya shafa bayansa. Sun san abubuwa da yawa da ban sani ba a shekarunsu, amma da wuya in ga ɗayansu ya kasa cin tuwo saboda wata tambaya ta hana shi sakat. Wannan rashin sukunin nake yi musu kwaɗayi.

Ruwan farko ya sauka da la'asar, mai ƙarfi, har kwarin gari ya kawo. Da safe aka fito da iri da kalme, wato fartanya, da tukwane ana ɗaura wa jakuna. Ba wanda ya ce mini komai, don haka na naɗe tabarmata da zanena na fito na tsaya kusa da Kaka, wadda tsufa ya sa ba ta zuwa tunga. Baba yana jan igiyar mangala, ya ɗaure, ya gwada, ya sake ɗaurewa. Da na ga za su ɗaga, na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi magana a gabansa ba a tambaye ni ba. Na ce, "Kaka, wane jaki zan bi?"

Bai juyo ba. Ya gyara zaman buhun iri, ya daɗe yana kallon kunnen jakin, sannan ya ce, "Inna, ki hwaɗa ma waccan babu wurinta bisa kaya. Ta zauna. In mun dawo lokacin kaka, ina son ta gaya mini ta inda ƙwaro ke shiga wake, alhali da hannuna nake liƙe bakin rumbu."