Malam Sahabi, Wanda Ya Hana a Kori Ɗana

Bayan azahar ne, ina tsakar gida ina tsince wake, maigidana ya shigo bai ko kashe babur ɗinsa da kyau ba. Ya tsaya a kaina ya ce Allah ya yi wa Malam Sahabi rasuwa a Rabah, a gidan ƙanwarsa inda aka kai shi jinya, kuma za a kawo shi nan Wurno a yi masa sutura kafin magariba. Na yi salati, na ajiye faifan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Sahabi manomin albasa ne, bai yi boko mai zurfi ba. Shi ne shugaban kwamitin iyaye na sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo da 'ya'yanmu suke zuwa. Zan faɗi gaskiya tun farko, domin ba a yi wa mamaci shaidar ƙarya: ban zaɓe shi ba, kuma na yi masa rashin kunya a bainar jama'a.

A shekarar da aka yi zaɓen, makarantar ta zama abin tsoro. Yaran cikin gari da yaran da ke zuwa da kekuna daga wajen ƙauyen Lahodu ba sa ga maciji da juna. Magana kaɗan a kan benci ko ƙwallo, sai a jira tashi a bakin ƙofa. Abin da ya sa faɗan ya munana shi ne, lokacin cirar albasa yara da yawa daga aji fadama suke wucewa, saboda haka kowa da lauje ko wuƙar yankan lawashi a cikin jakar littattafansa. Mu iyaye mu muke saka musu, don kada su ɓata lokacin dawowa gida. Ba wanda ya taɓa ganin laifin hakan.

Ranar zaɓe, kamar yadda aka saba, 'yan takara suka tsaya a fili, kowa ya bi layi a bayan wanda yake so. Babu ɓoyo, kowa na ganin kowa. Alhaji Tukur, abokin takarar Malam Sahabi, ya ce in aka ba shi, duk yaron da ya ɗaga hannu a kan wani za a kore shi, ba roƙo ba ceto. Wannan shi ne ra'ayina, domin ni ban yarda da lallashin yaro marar kunya ba, kuma har gobe ina ganin sakacin iyaye ne ke lalata 'ya'ya. Na tsaya a bayansa. Da Malam Sahabi ya ce shi ba ya alkawarin kora, na ɗaga murya daga cikin mata na ce makaranta ba gonar albasa ba ce, mutumin da bai zauna aji ba ba zai gyara aji ba. Aka yi dariya. Ya juyo ya dube ni. Da aka ƙirga, layinsa ya fi namu da mutum kaɗan.

Washegari ya ɗauko tabarma da tsohon buhu ya zauna a ƙofar makaranta. Duk yaron da ya zo, sai ya ce masa ya ajiye ƙarfensa a cikin buhun, ya ɗaura wa kowane ƙyalle don a gane mai shi. In an tashi, sai yaran ƙauye su fara karɓa su hau kekunansu, sai sun yi nisa sannan a saki na gari. Haka ya yi ta yi, yana barin tasa gonar a hannun 'ya'yansa, ranar kasuwar Goronyo ma sai an shiga aji yake tafiya. Yakan ce: "Yaro ba shi fitowa gida da niyyar sara. Fushi ka iske shi da ƙarfe ga hannu." Yakan kuma ce wa iyaye masu ƙorafi daga gida su zo su zauna kan tabarmarsa safiya ɗaya tukuna. Kaɗan ne suka zo. Ni ma ban je ba.

Sai abin ya faɗo a gidana. Ɗana Lawali, yana ajin ƙarshe, saura watanni ya zana jarrabawar fita, ya ɓoye wuƙa a cikin safa ya wuce Malam. A bayan ajinsu suka yi cacar baki da wani yaron Lahodu mai suna Bashiru, ya yanke shi a hannu, sai da aka yi masa ɗinki. Shugaban makaranta ya ce kora ce, kwamiti kawai yake jira ya sa hannu. Iyayen da muka tsaya layi ɗaya suka zuba mini ido.

Na ja Lawali har zauren Malam Sahabi. Ban je roƙo ba. Na ce masa abin da na faɗa a kan 'ya'yan wasu ban janye shi a kan nawa ba, ya sa hannu a kore shi. Na faɗi haka ina sane da abin da korar take nufi: shekara shida sun tafi a banza, babu takarda.

Ya dubi yaron, ya ce: "Ɗiyata, in munka kore shi, ina za shi? Tasha za shi, da wuƙar tasa. Shi kuma Bashiru, mi yas samu? Uba nai na da albasa ƙasa, ba mai cire mai."

Da kansa ya ɗauki Lawali a babur zuwa Lahodu. Ya sa shi ya durƙusa gaban mahaifin Bashiru ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ba tare da ya kawo uzuri ba. Aka yanke cewa kullum in an tashi makaranta Lawali zai je ya yi aikin Bashiru a gonarsu, har hannun ya warke, kuma shi zai riƙa kwafa masa darasi. A taron kwamiti aka yi ta jayayya, wasu suka ce ana nuna son kai. Malam ya ce in yaron ya sake taɓa wani, shi zai sauka daga kujerar a ranar. Ya jingina mutuncinsa a kan ɗan matar da ta wulaƙanta shi.

Sati shida Lawali yana dawowa hannunsa duk ya yi kanta, ban tausaya masa ba ko sau ɗaya. Ya zana jarrabawarsa, ya ci. Yanzu yana Sakkwato yana karatun koyarwa. Da na je yi wa Malam godiya, na fara ba shi haƙuri kan maganar da na yi, sai ya katse ni ya tambaya ko mun leƙa Bashiru kwanan nan. Ba mu leƙa ba. Na fito da kunyar da ta fi ta farko.

Ina kira ga iyaye 'yan'uwana, mu daina tura yara makaranta mu juya baya, sai an zubar da jini mu taru muna neman wanda za a kora. Ku duba jakunkunan 'ya'yanku. In an kira taro ku je, mata da maza, ko da ranar kasuwa ce.

Ya Allah ka ji ƙan Malam Sahabi, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Inna Hajo matarsa da 'ya'yansa da ƙanwarsa da ta yi jinyarsa haƙurin wannan rashi, ka tsare masa zuri'arsa daga faɗawa hannun marasa tausayi. Ya rufa wa ɗana asiri a ranar da ni uwarsa na sallama shi. Ya Allah ka rufa masa nasa a ranar da babu mai ceto sai kai. Amin.