Ƙafafun rumbun Inna

Shekarar da na dawo Gaya daga karatun gandun daji a Yamai, kaina ya fi ƙarfin hulata. An koya mana cewa itatuwa ma dangi-dangi ne. Marke, taramniya, baushe, geza da sabara duk gida ɗaya suka fito. Na haddace alamominsu: ganye falle ɗaya mara rabe-rabe, fure ƙanana, yawancinsu 'ya'ya masu fiffike don iska ta ɗauka, na taramniya huɗu, na baushe biyu. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha wannan karatu, ko yana so ko ba ya so.

A lokacin ne Inna, mahaifiyata, ta so a yi mata sabon rumbu. Tun rasuwar Baba ita ke noma gonarta da ke kan hanyar ƙauyen Bana, kuma geronta shi ne mutuncinta. Kawu, yayanta, shi zai yi ginin. Ya ce in samo marke don ƙafafu, ko da zan kai garin Karakara nema.

Marke ya yi nisa, taramniya kuwa ga ta a bakin gona. Na sa aka saro ta.

Kawu ya ɗaga guda, ya jinjina, ya ajiye. "Ɗana, wannan ba marke ba ne. Gara za ta cinye shi."

"Kawu, danginsu ɗaya. A littafi yake."

"Ni da uwarka ma ciki ɗaya muka fito. Ka taɓa ganin ta gina rumbu?"

Na yi dariya, na kawo masa sunayensu na Turawa. Inna ta ce, "Yaya, bar shi, ai ya yi lakwal, ya sha boko." Wannan magana har yau tana ci mini rai, don da alfahari ta faɗe ta.

Damina ta uku, da hantsi, bayan ruwan kwana biyu, rumbun ya durƙusa cikin taɓo. Ƙafafun sun zama gari daga ciki. Geron da muka tsamo rabi ya yi tsiro, rabi ya yi wari, kaji ma suka ƙi shi.

Inna ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Duk mai jaje sai ta ce masa iska ce.

Ana saura wata biyu girbi na zo gaishe ta, na tarar ba ta nan. Ina juyowa na hango ta tana fitowa daga gidan maƙwabta da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi, matar da ba ta taɓa roƙon ko gishiri ba. Da ta gan ni sai ta ƙara jan mayafin, don kada in ji kunya.